Zaman Zagaye: Nazarin Al'adar Marubuta Waƙoƙin Kantiri a Birnin Nashville

Zaman zagaye wata al'ada ce ta gabatar da waƙa wadda ta kafu a birnin Nashville na jihar Tennessee a ƙasar Amurka, inda marubuta waƙa uku ko huɗu suke zama a kan kujeru a tsakiyar ɗaki suna fuskantar juna, kowa riƙe da jitarsa, masu sauraro kuma sun kewaye su ta kowace fuska, sai su riƙa rera waƙoƙin da suka tsara ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana bayyana yadda waƙar ta samo asali kafin ya taɓa tsirkiya. Abin da ake nufi da marubuci a nan shi ne wanda ya tsara kalmomin waƙa tare da karin da za a ɗora su a kai. Mafi yawan waƙoƙin da ake rerawa a irin wannan zama sanannu ne, an daɗe ana jin su a rediyo, an kuma sayar da faifansu da yawa, sai dai da muryar wasu mutane dabam duniya ta san su, domin a kiɗan kantiri, wato kiɗan da ya taso daga karkarar kudancin Amurka ya kuma bunƙasa ta hanyar rediyo da faifai, wanda ya tsara waƙa da wanda ya kai ta kunnen jama'a sau da yawa mutum biyu ne. Zaman zagaye shi ne wuri guda da sana'ar ta ware domin waƙa ta koma bakin mai ita, kuma darajarsa da rauninsa duka daga nan suka fito.

Rabuwar mai rubutawa da mai rerawa tana da tarihin da ya kai kusan shekara ɗari. A shekarar 1925 gidan rediyon WSM ya fara shirin makaɗan karkara wanda daga baya aka raɗa wa suna Grand Ole Opry, shirin da ya mayar da Nashville matattarar duk mai son a ji muryarsa a kudancin ƙasar. Shekara biyu bayan haka, a 1927, Ralph Peer ya ɗauki muryoyin Jimmie Rodgers da iyalin Carter a garin Bristol, kuma shi ne ya fara nuna wa wannan kasuwa cewa ribar da take ɗorewa tana cikin mallakar waƙar kanta, tun da faifai yana tsufa amma waƙa ana iya sake rera ta har illa ma sha Allahu. A 1939 masu gidajen rediyo suka kafa ƙungiyar BMI domin tattara kuɗin haƙƙin mallaka, ta buɗe ƙofa ga marubutan karkara waɗanda tsohuwar ƙungiyar ASCAP, da aka kafa tun 1914, ba ta cika kulawa da su ba. Daga nan Roy Acuff da Fred Rose suka kafa kamfanin Acuff-Rose a 1942, kamfanin da aikinsa shi ne mallakar waƙoƙi da nema musu mawaƙa, sannan a 1950 Boudleaux Bryant da matarsa Felice suka tare a Nashville, ana kuma lissafa su a sahun farko na waɗanda suka zo birnin domin su ci abinci da rubutu kawai, ba tare da neman suna a dandamali ba.

Tsarin da ya biyo baya ya yi kama da na masana'anta fiye da yadda masu sauraro suke zato. A unguwar da ake kira Music Row, wadda ta mamaye tituna na 16 da na 17 a kudancin birnin, tsofaffin gidajen zama ne aka mayar ofisoshin kamfanonin waƙa, kuma a cikin ƙananan ɗakunansu marubuta suke haɗuwa da hantsi bisa alƙawarin da aka tsayar tun makonni kafin ranar, mutum biyu ko uku, su zauna har la'asar domin su fito da waƙa guda. Kamfani yana ba marubucinsa wani kuɗi duk wata, wanda a haƙiƙa bashi ne da za a cire daga abin da waƙoƙinsa suka samo nan gaba. Idan waƙa ta kammala, sai a ɗauki samfurinta a sutudiyo, wani ma'aikaci kuma ya riƙa tallata ta ga mawaƙa da masu shirya faifai, har a sami wanda zai ce a ajiye masa ita, kuma ajiyewar ba tabbaci ba ce, domin waƙoƙi da yawa sun shafe watanni a hannun mawaƙi sannan ya sake su. Al'adar birnin ita ce duk waɗanda suka zauna a ɗakin rubutu su raba haƙƙin waƙar daidai wa daida, ko da ɗayansu kalma kaɗan ya kawo, kuma wannan al'ada ta rage rigima ta kuma ƙarfafa zumuncin da daga baya ake gani a zaman zagaye.

Sakamakon wannan tsari shi ne sunan marubuci ya koma ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan waƙa. Masu sauraron rediyo a Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka, waɗanda suka daɗe suna ƙaunar muryar Don Williams, misali ne mai kyau a nan, domin da yawa daga cikinsu sun haddace waƙarsa mai suna You're My Best Friend ta 1975 ba tare da sun taɓa jin sunan Wayland Holyfield da ya rubuta ta ba, haka nan Tulsa Time ta Danny Flowers ce, Amanda kuma ta Bob McDill. Ba za a yi saurin cewa kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi ba, domin dokar Amurka ta tanadi cewa idan gidan rediyo mai watsa shiri ta iska ya sa waƙa, marubuci da kamfaninsa ake biya, mawaƙin da aka ji muryarsa ba ya samun komai daga wannan kafa. Abin da marubuci ya rasa shi ne fuska da suna da kuma damar ganin yadda aikinsa yake taɓa mutane, kuma wannan rashi ne zaman zagaye ya zo ya cike.

Tushen al'adar ya girmi duk wani ɗakin da ake sayar da tikiti. Tun farkon shekarun 1960 marubuta irin su Harlan Howard da Hank Cochran da Willie Nelson suke taruwa a mashayar Tootsie's da ke bayan zauren Ryman, inda Opry yake gudana a lokacin, suna jiyar da juna sababbin waƙoƙi suna kuma farautar mawaƙan da suka fito daga dandamali. A gidaje kuma akwai abin da suke kira fizgar jita, wato taron da jita ɗaya take zagayawa daga hannu zuwa hannu, sunan kuma ya samo asali ne daga cewa kowa yana ɗokin nasa lokacin har sai an fizge kayan kiɗan daga hannun wanda ya riƙe. Johnny Cash ya shahara da shirya irin wannan taro a gidansa da ke Hendersonville, kuma bisa abin da shi kansa ya ba da labari, a wani zama irin wannan ne Shel Silverstein ya rera A Boy Named Sue, waƙar da Cash ya gabatar a gidan yarin San Quentin a watan Fabrairu na 1969. Fim ɗin Heartworn Highways, wanda aka ɗauka a ƙarshen 1975, ya adana hoton wani zama a gidan Guy Clark da matarsa Susanna a jajibirin Kirsimeti, inda matasa irin su Steve Earle da Rodney Crowell suke zaune a kan teburi ɗaya suna karɓar waƙa daga bakin juna. A duk waɗannan tarurruka masu sauraro marubuta ne 'yan uwa, don haka hukuncin da ake yanke wa waƙa hukunci ne na masana sana'a, kuma abin da aka fi alfahari da kawowa shi ne waƙar da ba a taɓa ji ba.

Wurin da ya fitar da wannan zama daga gida zuwa gaban jama'a shi ne Bluebird Cafe, wani ɗan ƙaramin gidan abinci mai kujeru kimanin 90 da Amy Kurland ta buɗe a 1982 a cikin jerin shaguna na unguwar Green Hills. Abinci aka yi niyyar sayarwa tun farko, amma kiɗa ya rinjaya, har a 1984 aka fara ware dare na musamman domin marubuta. A cikin shekarun nan na 1980 ne marubuta huɗu, Don Schlitz da Thom Schuyler da Fred Knobloch da Paul Overstreet, suka bar ɗan dandamalin da ke jikin bango suka jera kujerunsu a tsakiyar ɗakin suna kallon juna, kuma daga wannan tsari ne sunan zagaye ya bi al'adar. Canjin ya yi kama da ƙaramin abu, amma ya sauya dangantakar da ke tsakanin mai waƙa da mai ji baki ɗaya. Dandamali yana ɗaga mutum sama ya raba shi da jama'a, fitilu suna haska shi suna duhunta su. A zagaye kuwa kowane marubuci ya juya wa wani ɓangare na masu sauraro baya, gwiwar baƙo tana kusan taɓa kujerarsa, kuma abin da jama'a suke kallo ya fi kama da hirar abokan aiki da aka ba su izinin halarta. Gidan ya ƙara da doka mai tsanani ta yin shiru yayin da ake waƙa, har ma'aikata suna tsawata wa mai surutu, abin da ya saɓa wa al'adar mashayun kantiri inda kiɗa yake zama rakiya ga rawa da hira. A ranar 1 ga Janairu, 2008, Kurland ta miƙa gidan ga ƙungiyar marubuta waƙa ta Nashville, wato NSAI, wadda aka kafa a 1967 kuma ɗaya daga cikin fafutukarta ta farko ita ce a riƙa buga sunan marubuci a jikin faifai.

Abu na farko da zaman zagaye yake yi wa waƙa shi ne tuɓe ta. Faifan kantiri na zamani yana ɗauke da ganguna da goge da fiyano da jitoci iri-iri da muryoyin 'yan amshi, duk an tace su da na'ura har ba a jin ko ɗan kuskure, kuma a cikin wannan ado waƙa mai rauni tana iya ɓuya. Idan aka cire duk wannan, ya rage murya ɗaya da jita ɗaya, sai ginin waƙar ya fito fili: yadda baitin farko ya kafa wuri da mutum, yadda amshi ya tattara ma'ana a jimla guda wadda galibi ita ce sunan waƙar, da yadda baiti na ƙarshe yake juya wannan jimla ta ba da ma'anar da ba ta bayar a farko ba. Wannan juyi na ƙarshe yana daga cikin manyan dabarun rubutun kantiri, kuma a ɗaki mai shiru ana jin lokacin da ya sauka a zukata, domin numfashin jama'a kan canja. An daɗe ana danganta wa Harlan Howard maganar da ke cewa waƙar kantiri ba ta buƙatar fiye da damƙar tsirkiya uku da gaskiya, inda damƙa take nufin yanayin ɗora yatsu a kan tsirkiyoyi domin su fitar da amo da dama a tare. Maganar ta rage wa sana'ar wahalarta fiye da kima, amma a zaman zagaye ne kaɗai ake iya gwada ta a aikace.

Murya ma tana cikin wannan gwaji. Da yawa daga cikin manyan marubuta ba su da muryar da za ta sayar da faifai, wasu tana rawa, wasu ba ta kaiwa sama, kuma sun san haka. Amma mutumin da ya shafe watanni yana auna kowace gaɓa ya san inda nauyin jimla yake, ya san kalmar da aka sha wahala kafin a same ta, don haka yakan tsaya a inda mawaƙi ya wuce da sauri, ya kuma sassauta a inda mawaƙi ya ɗaga murya. Don Schlitz ya rubuta The Gambler a 1976 yana ɗan shekara 23, lokacin da yake aikin dare a ɗakin kwamfuta na jami'ar Vanderbilt, waƙar kuma ta yi shekara biyu tana yawo kafin Kenny Rogers ya ɗauke ta a 1978 ta zagaye duniya. A faifan Rogers amshin ne yake jan kunne, jama'a suna tafi suna rerawa tare. Idan kuwa aka ji ta da jita ɗaya, sai labarin tsohon ɗan caca da ya mutu cikin barcinsa a jirgin ƙasa ya dawo gaba, a gane cewa waƙa ce ta mutuwa da wasiyya. Irin wannan sake ganowa ita ce babbar ribar da mai sauraro yake fita da ita.

Abu na biyu, wanda ya cancanci a ɗauke shi a matsayin nau'in adabin baka mai zaman kansa, shi ne labarin da ake bayarwa kafin waƙa. Yana da tsarinsa da aka saba: marubuci ya faɗi ranar da wanda suka zauna tare, ya faɗi abin da ya haifar da tunanin, ya ambaci mawaƙan da suka ƙi waƙar, sannan ya kai ga ranar da aka kira shi aka ce wane ya ɗauka. Mike Reid, wanda tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka ne a ƙungiyar Cincinnati Bengals, da Allen Shamblin sun fara I Can't Make You Love Me ne daga wani labarin jarida na mutumin da aka gurfanar gaban alƙali saboda ya harbi motar budurwarsa, kuma da farko a kan kari mai sauri suka ɗora ta, sai bayan watanni na gyara suka gane cewa a hankali ya kamata ta tafi, a haka kuma Bonnie Raitt ta fitar da ita a 1991. Shamblin ɗin nan da Tom Douglas sun yi kimanin shekara bakwai suna komawa kan The House That Built Me kafin Miranda Lambert ta kai ta ga nasara a 2010. Irin waɗannan labarai suna koya wa jama'a abin da faifai yake ɓoyewa, wato cewa waƙar da ta yi kama da wadda ta sauko a zama ɗaya yawanci ɗiyar gyara ce da haƙuri da yar da baitocin da ba su yi ba.

Sai dai labarin yana da nasa haɗarin, kuma ya kamata a faɗe shi a sarari. Marubucin da yake da waƙoƙi uku ko huɗu da suka yi tashe zai ba da labarinsu sau ɗaruruwa, kuma abin da aka maimaita haka dole ya goge ya yi santsi, wurin dariya ya tsaya a inda yake, wurin hawaye ma haka, har abin da aka gabatar a matsayin buɗe zuciya ya zama wasa da aka haddace. Wannan a kansa ba laifi ba ne, domin kowane mai tatsuniya da kowane maroƙi yana goge zancensa da maimaici. Matsalar tana tasowa ne idan labarin ya ƙunshi baƙin cikin wani. Connie Harrington ta ji wata hira a rediyo da Paul Monti, mahaifin wani sojan Amurka mai suna Jared Monti da aka kashe a Afganistan a 2006, inda uban ya ce har yanzu yana tuƙa motar ɗansa, daga nan ita da Jessi Alexander da Jimmy Yeary suka rubuta I Drive Your Truck, wadda Lee Brice ya rera ta kuma ci kyautar waƙar shekara ta ƙungiyar kiɗan kantiri, wato CMA, a 2013. Marubutan sun yi abin da ya dace da suka nemi uban har suka same shi, suka kuma riƙa ambaton sunan ɗansa. Amma misalin yana nuna nauyin da ke kan duk wanda zai riƙa ɗaukar makokin wani daga ɗaki zuwa ɗaki a gaban mutanen da suka biya kuɗin shiga, kuma ba kowane marubuci ne yake ɗaukar wannan nauyi da irin wannan kulawa ba.

Akwai ladubban zama da ba a rubuta su ba amma kowa ya san su. Ana bin layi, ba a tsawaita labari har ya cinye lokacin na kusa, kuma wanda ba lokacinsa ba yakan taya da sassauƙan kiɗa ko ya ɗora murya a kan amshi idan ya san waƙar, in bai sani ba ya ajiye hannunsa ya saurara. Gwani yakan canja abin da ya yi niyyar rerawa bisa ga abin da ya gabata, idan an yi waƙar kuka ya kawo ta raha domin ɗakin ya huta, kuma a wannan zaɓi ne ake gane wanda yake sauraron 'yan uwansa da wanda yake jiran nasa lokacin kawai. Faifan da aka ɗauka a Bluebird a 1995, wanda ya haɗa Guy Clark da Townes Van Zandt da Steve Earle, aka kuma fitar da shi a 2001, ya adana wannan musaya da tsokanar da ke tsakanin waƙa da waƙa.

Masoya wannan al'ada suna yawan cewa a bakin marubuci ne ake jin waƙa ta gaskiya, kamar dai abin da mawaƙi ya yi kwaskwarima ce kawai. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Bobby Braddock da Curly Putman ne suka rubuta He Stopped Loving Her Today, amma abin da ya sa ake lissafa ta cikin mafi girman waƙoƙin kantiri shi ne yadda George Jones ya ja kalmominta a 1980, da yadda Billy Sherrill ya shirya kiɗan, duk da cewa Jones da kansa ya yi zaton baƙin cikinta ya yi yawa ba za ta sayu ba. Tennessee Whiskey, wadda Dean Dillon da Linda Hargrove suka rubuta, ta fita da muryar David Allan Coe a 1981, ta sake fita da ta Jones a 1983, sannan Chris Stapleton ya ɗora ta a kan wani kari mai jan numfashi a 2015 ta zama kusan wata waƙa dabam, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da za a ce ƙarya ce. Bugu da ƙari, tafin da yake tashi a ɗakin zagaye da zarar an gane baitin farko tafi ne da mawaƙi ya gina, domin da ba a ji waƙar a rediyo ba da babu abin da za a gane. Zaman zagaye yana rayuwa ne a kan sunan da wasu suka yi wa waƙar, kuma adalcin da yake nema wa marubuci bai kamata ya zama zalunci ga mawaƙi ba.

Ko da yake an gina shi a kan zumunci, ɗakin kasuwa ne tun farko. A Bluebird ne wani jami'in kamfanin Capitol ya ji Garth Brooks a 1988, bayan kamfanin ya riga ya ƙi shi, ya kuma canja shawara. A nan ne Brooks ya ji Tony Arata yana rera The Dance, waƙar da ya sa a faifansa na farko a 1989. A nan ne kuma wani jami'in harkar faifai, Scott Borchetta, ya ga Taylor Swift a 2004 tana 'yar shekara 14. Waɗannan labarai, tare da shirin talabijin mai suna Nashville da tashar ABC ta fara nunawa a 2012, wanda ya mayar da gidan ɗaya daga cikin wuraren da labarinsa yake gudana, sun jawo masu yawon buɗe ido har tikiti ya zama abin rububi. Masu sauraro sun canja daga 'yan sana'a zuwa baƙi, kuma baƙon da ya yi tafiya mai nisa abin da ya sani yake so ya ji.

A daidai wannan lokaci ne kuma tattalin arzikin rubutun waƙa ya girgiza. Dokar Amurka ta 1909 ta ƙayyade senti 2 ga kowane kwafin waƙa da aka buga, adadin ya tsaya a haka har 1978, sannan ya yi ta hawa a hankali har ya kai senti 9.1 a 2006, ya tsaya a nan har zuwa 2023 da aka ɗaga shi zuwa senti 12. A zamanin da ake sayen faifai sukutum, waƙar da ta shiga faifan da ya sayar da kwafi miliyan ɗaya tana samar da dala 91,000 a kan farashin 2006, wanda marubuta da kamfanoninsu za su raba, ko da ba a taɓa sa ta a rediyo ba, kuma da irin waɗannan waƙoƙi na cikin faifai ne matsakaitan marubuta suke riƙe gidajensu. Da jama'a suka koma sauraro ta intanet, inda ake biya bisa yawan jin kowace waƙa ita kaɗai, sai wannan kafa ta ƙafe, ya rage waƙar da ta hau kan gaba a rediyo ce kawai take kawo abin kirki. Ƙungiyar NSAI ta ƙiyasta cewa yawan masu rayuwa da rubutun waƙa kaɗai a Nashville ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100 a cikin shekara goma sha biyar da suka biyo bayan 2000. Dokar sabunta harkar kiɗa ta 2018, da hukumar tattara kuɗin intanet da ta haifar, wadda ta fara aiki a 2021 da hedikwata a Nashville, sun gyara hanyar biyan kuɗi, amma ba su dawo da tsohuwar kasuwa ba. Saboda haka zaman da aka fara domin nishaɗi da neman suna ya koma hanyar cin abinci. Bikin Tin Pan South da NSAI ta fara a 1993 yana cika ɗakuna da dama na birnin tsawon kwanaki, ƙungiyar CMA ta fara kai marubuta wasu birane tun 2005 har daga baya ta kai su Landan, garuruwan bakin teku a Florida da Alabama suna da nasu bukukuwan, kamfanoni kuma suna hayar marubuta domin su nishaɗantar da baƙinsu a tarurruka. Wannan ci gaba ne ta fuskar samu, amma yana tura marubuci ya zama mai gadin abin da ya yi shekara ashirin da suka wuce.

Tambayar wanda yake samun kujera a zagayen ma tana da muhimmanci, domin idan sharaɗin zama shi ne mallakar waƙar da ta yi tashe, to duk wanda rediyo ya rufe wa ƙofa zagaye ma zai rufe masa. A 2015 wani mai ba gidajen rediyon kantiri shawara, Keith Hill, ya fito fili ya ce a rage sa waƙoƙin mata, ya kwatanta su da tumatir a cikin kwaɗon ganye, maganar da ta tayar da ƙura ta kuma tabbatar da abin da mata suka daɗe suna kuka da shi. Tun kafin nan, a 2014, an kafa wani zama na mako-mako mai suna Song Suffragettes wanda mata zalla suke gabatarwa, kuma nasarar marubuta irin su Lori McKenna, wadda ita kaɗai ta rubuta Humble and Kind domin 'ya'yanta biyar, Tim McGraw ya rera, ta ci kyautar waƙar shekara a 2016, ta nuna cewa ƙarancin dama ne matsalar. Lamarin marubuta baƙar fata ya fi haka tsanani, a kiɗan da ɗaya daga cikin tsofaffin kayansa, wato banjo, daga gurmi da danginsa na Afirka ta Yamma asalinsa ya fito ta hannun bayin da aka kai Amurka. A 1994 Alice Randall ta zama ɗaya daga cikin 'yan tsirarun mata baƙar fata da sunansu ya fito cikin marubutan waƙar da ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri, kuma sai a 2023 baƙar fata ya ci kyautar waƙar shekara ta CMA, lokacin da aka ba Tracy Chapman saboda Fast Car, waƙarta ta 1988 da Luke Combs ya sake rerawa. Ƙungiyar Black Opry da aka kafa a 2021 ta zaɓi tsarin zagaye wajen gabatar da mambobinta, kuma dalilin a bayyane yake: ba ya buƙatar ƙungiyar makaɗa ko kuɗi mai yawa, kujeru da jita da masu sauraro sun isa.

Wannan sauƙi ne ya sa al'adar ta cancanci a damu da makomarta. Zaman da aka cika shi da sanannun waƙoƙi daga farko har ƙarshe yana ba marubuci girman da ya cancanta, yana kuma faranta wa baƙo, amma ya bar aikin da fizgar jita take yi a gidan Cash da teburin Guy Clark, wato gwada sabuwar waƙa a kunnen da ya san sana'a. Marubutan da suka fi fahimtar abin da suka gada su ne waɗanda suke ware zagaye ɗaya domin waƙar da suka gama a makon nan, wadda babu mawaƙin da ya ɗauka, babu kuma tafin ganewa da zai tare ta, su rera ta a gaban mutanen da suka zo jin wata dabam. Har yanzu Bluebird yana ware daren Litinin ga duk wanda ya yi rajista da sabuwar waƙarsa, daren Lahadi kuma ga marubutan da suka tsallake gwajin tantancewa amma ba su yi suna ba tukuna. Waɗannan darare biyu sun fi kowane zama na manyan sunaye muhimmanci ga rayuwar al'adar, kuma su ne ya kamata ƙungiyar da take riƙe da gidan ta fi tsarewa.